A Ɗauka Babu Gogayya

Ranar Talatar da ta biyo bayan hutun Babbar Sallah, a shekarar da muka shiga aji huɗu na sakandare, Malam Kabiru mai koyar da mu Fiziks ya shigo aji da alli a bayan kunne. Rabinmu da sauran soyayyen naman layya a aljihu, ana ta gutsura a ɓoye. Bai kula mu ba. Ya zana alwatika a allo, ya ɗora ɗan akwati a gindinta, ya ja kibiya tana nuna sama. Ya ce wannan gangare ne, an tunkuɗo akwatin da sauri kaza an sake shi, yana so mu gaya masa iya nisan da zai hau kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ya fara karanta mana da Turanci, ya ga mun yi zuru, sai ya juya Hausa ya ce, "A ɗauka gangaren nan sumul yake. A ɗauka babu gogayya." Bai rufe baki ba wani ja'iri daga bencin baya ya ce, "Malam, in dai Nasiru da Isuhu suna ajin nan, wannan ɗaukar ba za ta yiwu ba." Aji ya kwashe da dariya, har shi Malam sai da ya dafa allo. Shi gugar da abu yake yi da abu yake nufi, irin ta taya da titi. Su kuwa 'yan aji tamu gogayyar suka sani, wadda duk Panshekara ta shaida. Ni ne Nasirun, Isuhu kuma yana zaune a gefena yana zungurina da gwiwar hannu. Ban san wannan ne zangon ƙarshe da za mu haɗa benci ba.

Gida ɗaya muka tashi, gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida guda. Mahaifina a majemar fata yake aiki a Chalawa. Mahaifin Isuhu, Baba Mahamman, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi, ya zo Kano tun yana saurayi ya kama aiki a masaƙa. Shekarun da ya yi a cikinmu ba su taɓa harshensa ba. Ba ya cewa tafi sai tahi, ba ya cewa dawo sai komo, ɗansa kuma da aka raɗa wa Yusufu, shi Isuhu yake kiransa, haka sunan ya bi shi har makaranta. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Ta safe in ta yi kuka sai ka ga kekuna sun ɓarke a hanya, masu shiga da masu fita suna gaisawa ba tare da sun tsaya ba. Ruwan kwatarmu yau shuɗi, gobe ja, gwargwadon abin da aka rina a masaƙa. Baƙi in sun zo daga cikin gari sai su toshe hanci saboda warin jima, mu kuwa mu yi ta mamakinsu, gwano ai ba ya jin warin jikinsa. Da Sallah Baba Mahamman yakan kawo guntayen yadi daga wurin aiki, a ɗinka mana riguna iri ɗaya, mu sa mu fita muna musun ta wa ta fi kyau.

Kai, mun yi musu a duniya. In aka aike mu ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa, sai an san wanda ya riga cika jarka. In aka ba mu kwanon abinci mu kai wa iyayenmu bakin ƙofar kamfani, tsere ne, kuma sau da yawa miya ce take biyan kuɗin tseren. A Islamiyya muna rige-rigen hadda, a boko muna rige-rigen na ɗaya, in ya karɓe wannan zango ni in ƙwace na gaba. Hatta rake in muka samo a lambunan bakin kogi, sai mun gwada gaɓa da gaɓa. Shi siriri ne kamar sillen kara, ni kuwa Allah ya hore mini jiki, shi ya sa yake ce mini Lukuti, ni ina ce masa Ɗan Tahi. Wata rana mu dambace har a raba mu, da yamma a gan mu a kwano ɗaya. Ummata takan ce da Inna Hajo, mahaifiyarsa, "Ƙyale su, harshe da haƙori ne." Inna Hajo ta ce ai harshe da haƙori suna hutawa in mutum ya yi barci, waɗannan ko a mafarki faɗa suke yi.

Amma babban filin dagarmu yana bayan wani tsohon sito da aka daina amfani da shi, a kan hanyar da muke bi mu kai abinci. Akwai gangaren siminti da ya tashi daga ƙasa ya hau har bakin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe, inda a da ake tura kaya a shigar. Gefe ɗaya bango ne ya raka shi har sama. Muna da keken boris, wato katako ne muka buga wa ƙafafu huɗu na irin ƙarafan nan masu 'ya'ya a ciki da makanikai suke cirewa daga injina in sun gaji. Sauran yara daga sama suke sulalowa ƙasa, mu muka ce wannan wasan ragwaye ne, ko tuwo aka ɗora zai gangaro. Namu hawa ne. Za ka rungumo keken ka sheƙo da gudu daga bakin kwata, kana isa layin da muka ja a gindin gangaren ka faɗa kansa rub da ciki, ka ɗage ƙafafu. Daga nan ba turi, ba taimako. Keken zai yi ta hawa yana kuka, yana rage sauri, har ya tsaya cak, sannan ya komo da kai da baya. Inda hancinsa ya tsaya nan ne alamarka, a karce ta da ƙusa a jikin bango. Dokarmu ɗaya ce, kuma ba mu taɓa karya ta ba: abokin karawarka ne yake riƙe ƙusar, shi zai karce maka. Abin da bai gani da idonsa ba, ba a yi shi ba. Burinmu kuwa a miƙa hannu a taɓa ƙofar nan. Tun muna 'yan firamare muke nema, ba wanda ya taɓa.

Gaskiya ɗaya ce, a gangaren nan Isuhu yana gabana. Alamominsa kullum suna sama da nawa, ko da da faɗin yatsa ne. Ni kuma ina da hujjata da nake kare kaina da ita shekara da shekaru: ba ya da nauyi, iska ma za ta iya kai shi. Ina ce masa ya ɗauki dutsen niƙan Inna Hajo ya hau da shi in ya isa. Da muka fara tasawa, muka fara jin kanmu samari, sai muka bar wa ƙannenmu keken, maganar ƙofa ta kwanta. Zanen Malam Kabiru ne ya tashe ta. Ina ganin alwatikar nan da ɗan akwati na gane wurin, na juya na ga Isuhu shi ma ya gane.

Ban taɓa sauraron darasi kamar na ran nan ba. Malam ya ce abin ba wuya. Ka ɗauki saurin da abu ya taso da shi ka ninka shi da kansa. Abin da ka samu ka raba shi da ninki biyu na ƙarfin jan ƙasa, wanda muke ɗauka goma. Amsar ita ce tsayin da zai kai daga ƙasa. Daga nan sai ka dubi kwanciyar gangaren ka san nisan da zai yi a kansa, domin gangare mai kwanciya yana ba da doguwar hanya kafin a kai tsayi ɗaya, mai miƙewa kuma gajeriya. Ya yi misali da saurin mita goma a daƙiƙa: goma sau goma ɗari, a raba da ashirin, biyar. A gangarensa na allo duk mita biyu da ka yi ka hau ɗaya, saboda haka akwatin zai yi tafiyar mita goma. Na bi lissafin da ido daga farko har ƙarshe ina neman inda za a sa nauyi, ban gani ba. Na ɗaga hannu na tambaya. Malam ya ce nauyi ba ya ciki, in babu gogayya da buhun siminti da kwalin ashana wuri ɗaya za su tsaya, muddin da sauri ɗaya suka taso. Wayyo, da na sani ban tambaya ba. Isuhu ya kifa kai a benci yana dariya har da hawaye, yana ce mini ashe duk shekarun nan ba ƙiba ba ce, rashin gudu ne. Kafin a tashi Malam ya ƙara da cewa a irin wannan gangare abin ba ya zama a sama, yana kaiwa iyakarsa zai juyo, ya iso inda ya taso da daidai saurin da ya tafi da shi, ba abin da ya ɓata a hanya.

Ranar Asabar muka ƙwace keken daga hannun yara. Muka ari tef ɗin awo a wurin telan bakin layi muka auna tsayin ƙofar da tsawon gangaren. Muka ari agogon Baba Mahamman, ba da saninsa ba, muka auna gudunmu, kowa yana zargin ɗan'uwansa da cin amanar daƙiƙa. Muka durƙusa muka yi lissafi da gawayi a kan simintin. Abin da ya fito ya ba mu mamaki: in da babu gogayya, da ni da shi duka muna da gudun da zai kai mu ƙofa, har da ɗan canji. Ashe ba mu da maƙiyi sai ita. Muka share yashi tas, muka wanke boris da kananzir, muka ɗiga musu baƙin mai. Alamomi suka matsa sama, amma ƙofa tana nan da sauranta. Sai Isuhu ya kawo shawarar da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Ya ce Malam ya ce gangaren ne sumul, mu kuwa ƙafafun keke muke ta yi wa hidima. Me ya fi komai santsi a duniya? Karkashi. Inna Hajo tana da shi cikin ƙwarya, na miya da wankin kai. Muka ɗebo, muka dama a bokiti har ya yi yauƙi, muka kwarara tun daga bakin ƙofa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ruwa gangarowa yake yi. Kafin in gama ja da baya, yauƙin ya malalo ya rufe layin tashi. Ni na ce zan fara, don kada ya riga ni shan daɗin. Na sheƙo da gudu iya ƙarfina, ƙafata tana taka layin sai na ga sama a inda ƙasa take. Keke ya yi gabas, ni na yi yamma, gwiwar hannuna ta goge a bakin siminti. Tabon yana nan har yau. Isuhu ya zo ɗaga ni, shi ma santsi ya kwashe shi, muka zauna cikin karkashi muna zagin juna. A gida muka sha faɗa biyu, na karkashi da na agogo. Ranar Litinin Malam Kabiru ya ga hannuna a ɗaure, ya tambaya, 'yan aji suka fesa masa. Ya yi dariya ya more, sannan ya ce mana gogayyar da take riƙe keken ita ce dai take ba ƙafarmu abin dogara mu yi gudun. Ya ce, "Ku daina tsine mata. In babu ita, ko daga wurin zama ba za ku iya tashi ba."

A tsakanin nan ne magana ta fara yawo a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, cewa masaƙar su Baba Mahamman ba lafiya. Wuta ba ta samuwa, yadin waje ya cika kasuwa. Aka fara soke aikin dare, aka koma kwana uku a mako, sannan wata safiya jiniyarsu ba ta yi kuka ba. Ma'aikata suka yi ta zarya bakin ƙofa suna zama a inuwa, mata masu sayar da ɗanwake da shinkafa da wake suka yi ta komawa da tukwane a cike. Baba Mahamman ya zaga Sharaɗa, ya zaga Bompai, ko'ina irin labarin ke nan. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya ce da mahaifina gara ya tahi gida ya yi damina, gonar gado tana nan, in an buɗe masaƙa bayan kaka su komo. Na ji maganar ina alwala. Ban ji tsoron komai ba a lokacin sai abu ɗaya, kada Ɗan Tahi ya tafi alamarsa tana sama da tawa. Haka na fassara abin da yake ci na a ƙirji, don ban san wani sunansa ba.

Ana gobe za su tafi, bayan la'asar, muka je gangaren mu biyu. Ruwan farko ya riga ya wanke karkashin, siminti ya bushe ƙayau. Muka yi ta hawa. Na yi hawan da ban taɓa yi ba, na wuce tsohuwar alamarsa, ya karce mini ba musu, abin da ya ba ni haushi ma, don na so ya yi musun. Sai ya karɓi keken ya ja baya har ya tsallake kwata. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu irin wannan ba. Keken ya hau yana kuka, ya wuce tawa, ya ci gaba, ya miƙa hannu, saura bai fi taƙi ɗaya ba keken ya tsaya ya komo da shi. Na karce masa, na zurfafa ta sosai. Na ce a sake, ya ce an kira magariba. A hanya ya miƙo mini keken ya ce, "Riƙe mini, Lukuti. Ba kyauta ba ce. In na komo mu ƙarasa." Washegari suka ɗaure katifu da tukwane a kan mota, Ummata da Inna Hajo suna kuka, mu kuwa muna musu a kan ko Maraɗi ta kai rabin Kano.

Kaka ta zo ta wuce, ba a buɗe masaƙa ba. Aka sa wasu a ɗakinsu. A makaranta na yi na ɗaya ba wahala, zango na gaba na yi na huɗu, kuma ban damu ba, wannan rashin damuwar ita ta fi damun mahaifina. Gangaren kaɗai na riƙe. Duk yammar da na samu sarari sai in saci jiki in je, ƙato da ni, ina rungume da keken yara, don kada ya komo ya same ni inda ya bar ni. Lissafin Malam ya nuna mini cewa sauri ninka kansa yake yi, ɗan ƙari kaɗan a gudu yana sayen nisa mai yawa, saboda haka gudu na yi ta koyo har ƙibar ta zube. Wata yamma a cikin bazara ta gaba, ban ma shirya ba, keken ya wuce alamata, ya wuce tasa, na miƙa hannu sai na ji tafina a kan ƙarfe mai zafi. Ƙofar ta yi ƙara, kwam. Keken ya komo da ni ina ihu, ina cewa ka gani, ka gani, na juya wurin da yake tsugunawa da ƙusa. Ba kowa sai wata akuya tana cin takarda. Ƙusar tana cikin ramin bango inda muke ɓoye ta. Na ɗauko, na juya ta a hannu, na mayar. Abin da bai gani ba, ba a yi shi ba. Na zauna a gindin gangaren na yi kukan da ban yi ba ranar da motarsu ta tashi.

Yanzu ina gyaran injina a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, kullum hannuna cikin giris, ina raba ƙarfe da ƙarfe faɗa. Na yi gida a Zawaciki, inda a da gonakin dawa ne. Jiniya ta yi ƙaranci, kekuna sun zama babura, yaran unguwarmu kuma tserensu a cikin waya yake. Na tambayi direbobin Maraɗi har sun gane ni. Wani ya ce ya san wani Isuhu mai jan babbar mota a Agadas, wani ya ce ya ji an ce ya tsallaka hamada. Na neme shi a waya, sai na tarar masu sunan sun fi a ƙirga, kuma da rubutun Faransanci, ban san fuskar da zan nema ba, don ta ɗan shekara goma sha shida kawai na sani. Kwanakin baya 'yata Hauwa ta kawo mini aikin gida, na buɗe sai ga alwatika da ɗan akwati da kibiya. Na yi mata lissafin tun kafin ta gama karanta tambayar. Ta ce, "Abba, to in ya kai can sai me?" Na ce sai ya dawo inda ya taso, ba abin da ya ɓata. Ta rubuta, ta tafi abinta.

Da na tashi aiki ranar Asabar ɗin nan sai na bi ta Chalawa. An kewaye siton da waya, amma maigadin dattijo ne mai sauƙin kai, ya bar ni na shiga. Ashe gangaren ɗan ƙarami ne, ciyawa ta tsaga shi, ƙofar ta yi tsatsa. Na sunkuya na bi bango da yatsa. Ƙananan alamomin sun shafe, amma wadda na zurfafa tana nan, taƙi ɗaya tsakaninta da ƙofa, ita ce a sama da kowa. Keken yana ɗakin ajiyata, boris ɗin sun daskare, na hana a yi wuta da katakon don ba nawa ba ne. Ina da labarin da zan ba mutum ɗaya a duniya, kuma na san ba zai yarda ba, zai ce ƙarya nake yi, Lukuti, a sake a gabansa. Wallahi wannan musun nake marmari. A allo ne kawai duk abin da ya tafi yake komowa.